Yatsan da Ya Buɗe Wayar

Autana yana haɗa kyamarorin tsaro masu araha a cikin robar sabulu. Ya kafa ɗaya a ƙofar gidanmu. Ya kulle hotunan, yatsansa kaɗai ke buɗe su a wayarsa. Da ya rasu, hoton fitarsa ta ƙarshe yana ciki, na kasa gani.

Wani dare aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Mama, kyamarar na zo dubawa."

Muryar kamar daga cikin tulu. Fitilar kyamarar, wadda ke kamawa in ta ga mutum, ba ta kama ba. Ban ji komai a raina ba, na buɗe ƙofa na miƙa masa wayar.

Ya ɗora yatsa, ta buɗe. Ga tabon ƙunar dalma a gefen farcen, wanda ni na shafa wa magani.