Rabin Maki

"Ka sani! Wallahi ka sani, kuma ka yi shiru!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, a shagon Baba, tsakanin gwangwanayen fenti da allunan da ba su gama bushewa ba. Takardar jami'a na hannuna, na matse ta har ta yamutse. Maki biyu kacal suka hana ni shiga sashen zanen gine-gine. Biyu!

Shi kuwa mutumin nawa, wanda nake tsokana da Akawu don a ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar yake aiki, ya tsaya a bakin ƙofa ya rasa inda zai sa hannunsa.

"Ki saurare ni, Mai zanena..."

"Kar ka kira ni haka yau."

Shekara biyar na yi ina taya Baba rubuta allunan shaguna kafin na yanke shawarar sake rubuta jarrabawar shiga jami'a. Wajen rajista darasi ɗaya ya rage in zaɓa, ko zane ko ƙarin lissafi. Wa zan tambaya in ba shi ba? Ya yi murmushin nan nasa, ya ce in bi abin da zuciyata ke so. Na bi. Na ci zane da makin da malamina ya ce bai taɓa gani ba. Sai a ranar na ji cewa a ma'aunin jami'ar, lissafi da kimiyya cif ake ƙirga su, zane kuwa rabi ake ɗauka.

Kuma Baba tuni ya gindaya sharaɗi: babu maganar aure sai na sa ƙafa a jami'a.

"Jadawalin makin nan kai kake buga shi duk shekara," na ce. "Ko ƙarya na yi?"

"Ni nake bugawa."

"To me ya hana ka faɗa mini?"

Ya buɗe jakarsa ya zaro takardu uku, ya miƙo mini. Wasiƙu ne zuwa ga kwamitin jami'a, duk da sa hannunsa. A ciki yana tambaya, ta yaya wanda zai zana gida za a raina masa zane? Kowacce an rubuta a samanta da jan biro: a duba nan gaba.

"Na ɗauka za su gyara kafin sakamakonki ya fito," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kuma ranar da kika tambaye ni, kina zana hannun Baba yana riƙe da buroshi. Na kalli fuskarki... na kasa ce miki abin nan rabi ne. Na yi caca da shekararki, ban nemi izininki ba. Ki yafe mini."

Na so in ci gaba da faɗa, amma faɗan ya ƙi zuwa. Haushi nake ji, son shi kuma yana nan inda yake, ko gezau bai yi ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Duk wannan Baba na can ƙurya yana cike harafi a wani allo, kamar ba ya ji. Sai ya ajiye buroshin.

"Yaro, ofishin naku shi ne mai koren allo a saman ƙofa?"

"Shi ne, Baba."

"Ni na rubuta shi. Shekara ashirin ke nan, har yau bai koɗe ba." Ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa. "Ashe kullum a ƙarƙashinsa suke wucewa su je su raba aikinmu biyu. Uwata, laifina ne. Da na sani da ban sa miki buroshi a hannu ba."

Nan ne hawayen suka zo. Na durƙusa a gabansa na riƙe hannun nan mai tabon fenti.

"Kar ka sake faɗin haka, Baba. Hannun nan ne ya ciyar da mu. Su suka ce rabi, ni ban ce ba."

Na miƙe na juya wajen Akawu, na share fuska.

"Zan sake rubutawa baɗi. Zan ƙara lissafin, amma zanen ma yana nan, ko da kwata za su ba shi. Kai za ka koya mini, nan shagon, gaban Baba."

"Na yarda."

"Auren kuma ya koma baɗi. Kai ka ja mana."

Ya gyaɗa kai. "Ko shekara nawa ne, ina nan."

Baba ya jawo kujera da ƙafa ya tura masa, ya ɗauko wani allo da bai shafa wa fenti ba, ya jingina da bango, ya ɗora alli a kai.

"To Malam, bismilla. In kun tashi, ka zauna ka rubuta musu wasiƙa ta huɗu. Ka ce mai allon ƙofarsu yana gaishe su."