Motar da Ɗalha Ya Saya a Gwanjo

Ɗalha ya sayi motar da arha a gwanjon motocin da hukuma ta kama, amma bai yarda ya shiga garinsu Ɗanzomo da ita da rana ba. Sai bayan isha'i ya baro Gumel.

A tsakiyar hanya wani mutum ya ɗaga masa hannu, ya tsaya. Tun safe ƙofar gaba ta gagari makanikai, amma mutumin ya ɗan tokare ta da gwiwa, ta buɗe. Ya zauna, kujerar ko lotsawa ba ta yi ba. Ƙamshin kafur ya cika motar.

"Kana taka kuloci da yawa," in ji shi a hankali. "Ba ta so."

Ɗalha ya kasa juyowa.

"Matata ta ba ka takardun motar nan tawa ne don ka karɓo wa marayuna ita, Ɗalha. Kai kuma ka ce mata ta salwanta."

Muryar Haladu ce, amininsa da ya sa a kabari da hannunsa bara. Ɗalha ya sunkuyar da kai, kunya ta danne tsoron.

"Ja mu je," in ji Haladu. "A ƙofar gidana za mu tsaya. Ba su yi barci ba."