Wadda Ta Gaji da Cewa Babu

Ni Datti maigadi, da na girmi sunan Suleja kansa, na kuma binne duk sa'o'ina, ni na fara ganin abin nan, ba wani ɗan boko ba.

Aikin Mardiyya a gidan burodin Madam Hilda da ke Gauraka, inda nake gadi, shi ne sallamar masu neman aiki. Sai ta miƙa wa mutum ruwan leda mai sanyi, ta jira ya sha, sannan ta ce, "Ka yi haƙuri, babu gurbi. Allah ya ba ka wanda ya fi." Kullum ta koma gida ko tuwo ba ya shigar mata.

Abdulbasit direba ya sha nasa ruwan ya tafi. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi.

"Malam, ai na ce maka babu."

"Na ji. Na zaga Abuja kaf, daga bakin get ake korata. Ke kaɗai ke duban fuskata. Sake faɗa mini mana."

Ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. A nan na ce an gama.

Soyayya ta yi nisa, sai ya turo mata saƙo: "Sanyin idona, wani mai motoci, Oga Callistus, ya ba ni tuƙin tirela, amma a Fatakwal. Koya mini yadda zan ce masa a'a ba tare da ya ji haushi ba. Gara in ja keken haya a Diko ina ganinki."

Mahaifinta, Malam Isma'il, da ya ji sai ya fusata. "Ba shi da aiki, an ba shi ya ƙi? In ya zo ki sallame shi, ai ke kika iya."

Ranar da Abdulbasit ya zo gidansu, Mardiyya ta ɗauko ruwan leda ta ɗora a tafin mahaifinta.

"Baba, wallahi na gaji. Wannan kai za ka faɗa masa."

Malam ya fita zaure ya miƙa ruwan. Yaro ya shanye, ya ɗago yana jira, fuskarsa ta saba da jin babu. Dattijo ya yi gyaran murya, ya gyara hula, ya sake gyaran murya.

"To... su waye manyanka?"

An ɗaura aure bayan Sallah, Madam Hilda ta cika unguwa da burodi. Allah ya ba su zaman lafiya.

Mai musu ya zo get ya same ni, in kai shi gidan da ƙafata, in ya isa ya maimaita a gaban amarya.