Lahadin da Ba Jirgi

Nesta ta jera kofin shayi biyu a tebur kamar kullum, ta sha ɗaya, ta zauna tana kallon ɗayan yana hucewa. Wata bakwai ke nan mijinta Ifor yana Landan, yana wasan kwaikwayo a dandamali daga Litinin har Asabar. Lahadi kaɗai yake hutu, a kwarinmu kuwa ba jirgin ƙasa ba bas ran Lahadi. Ni da na san sirrin kowane gida a ƙauyen nan nake gaya muku, ko kajinmu sai sun saci jiki suke yin ƙwai ranar.

Mahaifinta Caradog, dattijon cocinmu, ya turo ƙofa.

"Yau ma da kofi kike hira?"

"Ina kwana, Baba. Zauna ka sha, bai gama hucewa ba."

"Ba na shan shayin wanda ba ya nan. Jiya na gan shi a talabijin ɗin maƙwabta da gemun ƙarya, wai shi sarki. Sarkin da ya kasa zuwa gidansa."

"Aiki ne, Baba."

"Ni shekara arba'in ina fasa dutse, ban taɓa barin gurbina a bencin coci ba. Mutane sun fara tambayata ko takaba kike yi. In jibi Lahadi gurbinsa ya sake zama wayam, ki tattara kayanki ki dawo gida. Na gama magana."

Bayan fitarsa ta yi kukanta ta share, ta tafi rumfar tarho ta bakin gidan waya ta kira Landan. Ifor yana tsakiyar gwajin wasa, sai maigadin gidan wasan ta samu. Ta bar saƙo, ta dawo ba ta san ko zai isa ba. Asabar ta wuce shiru, ba waya ba wasiƙa.

Ran Lahadi ta zauna a benci, gefenta fili, matan ƙauye suna satar kallonta ta ƙarƙashin huluna. Ana cikin waƙa ta biyu ƙofa ta yi ƙara. Ifor ne, wando jiƙe sharkaf, ƙarnin madara ya riga shi isa gaba. Ashe ana sauke labulen wasan daren Asabar ya bi jirgin wasiƙu zuwa babban gari, daga can ya roƙi direban motar madara, tunda shanu ba su san Lahadi ba, ya tsuguna tsakanin garewani mil goma sha takwas.

Ya zauna kusa da ita. Ba ta dube shi ba, amma ta matso da littafin waƙarta tsakaninsu.

Da aka tashi, Caradog ya tare shi a ƙofa.

"Ka yi tafiya ran Lahadi. Ka san zunubi ne?"

"Baba, in na zauna laifi, in na zo laifi. Sai na zaɓi wanda zan ga matata a cikinsa."

"Kwana nawa za ka yi?"

"Awa biyu. Gobe da safe ana jirana wurin ɗaukar fim, jirgi daga babban gari ƙarfe shida na yamma ne, motar madara kuma ba ta komawa. A ƙafa zan taka."

Nesta ta ce a hankali, "Ka ci abinci tukuna. Zan raka ka har gadar bakin ƙauye."

Tsohon ya dubi 'yarsa, ya dubi takalman surukinsa, ya wuce gida. Ifor yana shirin kama hanya sai ga ƙugin inji a ƙofar gida: motar Caradog, wadda tun da ya saye ta ba ta taɓa ganin hasken Lahadi ba. Labulayen ƙauye suka ɗaga gaba ɗaya.

"Ku shiga baya ku biyu," ya ce. "Kada wanda ya yi mini magana a hanya. Kai kuma, mako mai zuwa a tashar babban gari za ka jira ni. Ba na son ƙarnin madara a bencina."

Haka haƙuri yake: wanda ya riƙe shi bai ɗaga wa na gaba da shi murya ba, wata rana wanda ya kafa masa dokar shi zai karya ta da hannunsa.