Da Baba Nake Kishi

Auta na durƙushe a falo tana goge ƙafafun teburi, Yayarta kuwa ta miƙe a doguwar kujera tana danna waya, ko tsinke ba ta ɗauka ba tun da ta shigo. Yau ne Dogo, mijin Auta, zai dawo daga rijiyar mai. Haka aikinsu yake, wata guda a can, wata guda a gida, kamar yadda mahaifin su Auta ya yi shekara da shekaru kafin Allah ya karɓi abinsa bara.

Yaya ta ɗaga kai ta kalli saman talabijin. Hular kwanon Baba ce a wurin, fara, duk ta kakkarce, da ɗan lotsawa a gefe.

"Har yanzu wannan abar tana nan? Ni fa in na shigo sai in rasa ko falon amarya nake ko ofishin kamfani!"

"Maigidan ne ya ajiye ta," in ji Auta a hankali.

"Na sani mana. Hoton aurenku kuma yana can bayan ƙofa yana shan ƙura. Auta, in gaya miki gaskiya? Mutumin nan ba ke ya aura ba — Baba ya aura. Ke gyara aka ba shi."

Yaya ta tuntsire da dariya, don ita a wurinta wasa ne. Auta kuwa, tsumman da ke hannunta ya daina motsi.

Abin da ya sa maganar ta shige ta, ta daɗe tana jin haka a ranta, bakinta ne kawai bai iya faɗa ba. Dogo yaron aikin Baba ne tun yana sabon ɗauka. Baba ne ya koya masa kama bututu da hawa saman injin haƙa, shi ya koya masa gane lafiyar inji daga ƙararsa. Har yau in Dogo zai yi magana sai ya fara da "Oga ya ce". In ta zuba masa shayi, sai ya ce Oga ba ya shan mai sukari. In yana son tsokanarta, "'yar Oga" yake ce mata. In ya dawo daga aiki, kafin ya cire takalmi sai ya goge hular nan da gefen rigarsa.

Ba wai ba ta son Baba ba ne, wa zai ƙi Baba? Mutumin da in ya dawo hutu duk layin sai ya sani, don kunnensa ɗaya ƙarar inji ta cinye, ko raɗa zai yi sai maƙwabta sun ji. Ya gyara famfon wannan, ya duba tukunyar gas ɗin wancan, ya ɗora yara biyu a kafaɗa yana zagaye da su. Hannunsa kullum da ɗan warin mai da sabulu ya kasa fitarwa, kuma da hannun nan yake wanke kwanonsa da kansa, wai a can kowa shi ke wanke nasa. Auta ta yi kukan rashinsa har idonta ya kumbura. Amma rabin rayuwar Baba a rijiya ya yi ta, kuma wannan rabin yana wurin Dogo. In dangi sun taru ana tuna shi, Dogo ake zuba wa ido ya ba da labari, ita 'yar cikinsa tana gefe tana ɗaurayar kofuna. Tana kishin mijinta a kan ubanta, tana kishin ubanta a kan mijinta. Wa za ta gaya wa wannan ba a ce ta haukace ba?

Da Yaya ta tashi tafiya, Auta ta ɗauko hular, ta naɗe ta a tsohon zani, ta miƙa mata.

"Ki kai wa Mama."

"Ke! Ni wasa nake yi fa."

"Ki kai mata kawai, Yaya."

Da la'asar motar kamfani ta sauke Dogo a bakin layi. Auta ta yi wanka, ta sa sabuwar rigar da ta ɓoye tun tafiyarsa, ta shafa turare. Ya yi sallama, ya ajiye jaka, ya yi mata murmushi — sai idonsa ya wuce ta saman kanta. Murmushin ya ɗauke.

"Ina hular Oga?"

"Sannu da zuwa," in ji ta.

"Yauwa, sannu. Ina hular? Faɗuwa ta yi?"

"Na aika wa Mama."

"A kan me?"

Auta, wadda ko sunan mijinta ba ta iya kira, sai ta ji muryarta ta fito da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba.

"Wata guda ba ka gan ni ba! Wata guda! Ba ka ce na rame ba, ba ka ce na yi ƙiba ba, ba ka ga rigar da ke jikina ba — hula ka fara tambaya! Ka gaya mini tsakaninka da Allah, ni ka so, ko Baba ne ya ce ka riƙe masa ni?"

Dogo ya zauna a hannun kujera yana kallon takalminsa.

"Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Amsa nake so."

Bai ba ta amsa ba. Wannan shirun ya fi mata mari ciwo. Ta figi mayafi, ta fita tana share hawaye da bayan hannu, ba ta tsaya ko'ina ba sai gidansu.

Ta tarar da Mama a ɗaki tana ninke wanki, Yaya a gefe ta yi tsuru-tsuru, alamar ta riga ta sha faɗa. Auta ta faɗa jikin Mama tana kuka tana ba da labari a gutsure. Mama ta bar ta har ta gaji, sannan ta ɗago mata fuska.

"Wato kina cewa Babanku ne ya ba shi ke?"

Auta ta gyaɗa kai.

Mama ta yi wata irin dariya mai haɗe da ƙwalla. "Allah ya jiƙan ka, mai gidana, ka ji abin da ake laƙa maka! Auta, duk duniya babu wanda ya ƙi auren nan kamar Babanku."

"Baba?" Yaya da Auta suka faɗa tare.

"Shi fa. Mun ɓoye muku ne don ke ba ki da wuyar kuka, wannan kuma ba ta da wuyar magana. Ranar da yaron nan ya furta masa yana son ki, ko abinci bai ci ba. Ya ce mini, 'Na ga abin da jira ya yi miki. Kin haihu ba na nan, kin yi jinya ba na nan, waya ta yi ƙara gabanki ya faɗi. Ba zan ba wa mai aikin rijiya 'yata ba, ko da kuwa ɗan da na fi so ne.' Ya kira shi ya ba shi zaɓi. Ko ya bar maganarki ya ci gaba da zama a ƙarƙashinsa, har ya gaje shi a kan injin, ko kuwa ya nace, to ya fita daga rukuninsa."

Auta ta daina shessheƙa. "Sai ya ce me?"

"Ya ce, 'Oga, a canja mini rukuni.' Ko daƙiƙa bai ɗauka ba. Aka mayar da shi cikin masu karɓar su Babanku, in wannan yana can, wancan yana gida. Ba sa haɗuwa sai a bakin get ranar canji, ɗaya na sauka daga mota ɗaya na hawa. Yaron nan ya durƙusa ya gaishe shi, Babanku ya juya masa kurman kunnen ya wuce. Wata mai zuwa ya sake gaishe shi. Haka suka yi ta yi har Babanku ya gaji ya sauko. Ke ba ki taɓa lura ba ya zuwa gidan nan sai Babanku ba ya nan ba?"

"Na zaci kunya ce."

"Kunya! Bayan an yi auren ma na ce ya mayar da shi wurinsa, ya ce a'a, gara haka, in yana can Dogo yana nan, gida ba zai rasa namiji ba. To kin ji. Tun ranar da ya buɗe baki ya nemi aurenki, bai ƙara yin aikin yini ɗaya da Ogansa ba. Ranar da ciwo ya ɗauke Babanku kuma Dogo yana can saman inji, kafin ya iso an riga an kai shi. Shi ne za ki tsaya ki tambaye shi wa ya zaɓa?"

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan sabuwar rigarta. Sai ga sallama daga tsakar gida. Dogo ne, da kayan tafiyarsa ko canjawa bai yi ba. Ya durƙusa ya gaida Mama. Mama ta amsa, ta kama hannun Yaya.

"Taso, sarkin baki, zo ki taya ni kwashe shanya."

"Mama, ai an kwashe..."

"To zo ki sake shanyawa!"

Suka fita. Auta tana wasa da bakin mayafinta.

"Sori," in ji Dogo. "Rigar ta yi miki kyau. Na gani tun daga ƙofa, wallahi. Ni ne ban iya magana ba. A wurinmu ƙara ta yi yawa, da hannu muke zance."

"Mama ta gaya mini komai. Me ya sa kai ba ka taɓa faɗa ba?"

"In ce miki Babanki ya ƙi ni? Ki riƙa ganin laifinsa yana kwance a kabari? Gara ki ga nawa." Ya ɗago ya dube ta. "Kuma in kishi ne, ni ma ina yi da ke. Ke kika zauna da shi a ƙarshe, ke kika ba shi ruwa. Na sha son in tambaye ki yadda ya yi, sai in ga idonki ya cika, in haɗiye."

Auta ta dube shi. Ba ta taɓa tunanin tana riƙe da wani abu na Baba da shi ba shi da shi ba.

"Ya yi maganarka," ta ce. "Ana saura kaɗan ya rasu, yana zaune a can ƙofa ina yanke masa farce. Ya ce, 'Wannan ɗan taurin kan ya fi ni. Ni da aka hana ni uwarku, kuka na yi ta yi kamar akuya. Shi kuwa gaisuwa kawai ya yi ta yi mini har ya ci ni da yaƙi.' A lokacin ban gane me yake nufi ba. Ya yi ta dariya har tari ya kama shi."

Dogo ya fashe da dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya rufe fuska da manyan hannayensa. Tun da aka yi rasuwar Auta ba ta taɓa ganin hawayensa ba. Ta matsa kusa, ta dafa kafaɗarsa, ta bar shi ya yi kukan da ya daɗe yana bin sa.

"Sai kuma me ya ce?" ya tambaya da ya samu numfashi.

"A'a, yanzu kai ne. Ka gaya mini yadda yake in yana can. Wai da gaske yana waƙa a saman inji?"

"Waƙa? Ai shi ya sa muke toshe kunne, ba don injin ba!"

Daga tsakar gida Mama ta ji dariyarsu, ta ci gaba da shanya busassun kaya.

'Yan'uwana mata, kishi ba ya tambaya, zato yake yi, kuma mai zuga ki ba ita za ta share miki hawaye ba. Namijin da ya riƙe amanar wanda ya mutu, shi ne zai riƙe taki ke da kike raye. Auta ta kusa rusa gidanta a kan shirun mijinta, alhali cikin shirun nan mutuncin mahaifinta yake karewa. Ranar ba su koma gida da wuri ba. Ya ba ta Baban rijiya, ta ba shi Baban gida, har Mama ta leƙo ta ce su tashi haka nan, ita ma tana son ta zauna a ɗakinta.