Baƙin Mai a Cikin Kananzir

Da ƙarfe bakwai na safe rahoto ya iso ofishin 'yan sanda na Tudun Wada. Risho ya fashe a Burumburum. Hussaina, mai sayar da ƙosai, ta ƙone ta rasu. Wannan ne risho na uku cikin kwana huɗu.

Sufeto Zailani ya tarar da kwalbar kananzir ɗinta a gefen rumfa, saura rabi. Ya shinshina. Warin bai yi masa ba.

Gobe kasuwar Tudun Wada za ta ci. Idan akwai sauran wannan man, gobe zai shiga gidaje ɗari.

Duka ukun a wajen wata tsohuwa mai suna Turai suka sayi kananzir. Sufeto ya je ya same ta.

"Iya, ina kika samo shi?"

"Gidan mai, ranka ya daɗe."

"Wanne? Wata biyu babu gidan man da ya sayar da kananzir a garin nan."

Ta hau murza bakin mayafi.

"Iya, yanzu na baro gawar Hussaina. Fatar hannunta ta manne da tabarma."

Ta rushe da kuka. "Ukasha ne, ɗan yayana. Shi yake kawo min a jarka."

Ukasha na da shagon mai a bakin tasha. Ya tarbi Sufeto da fara'a, shagon kuwa fayau, ko jarka ɗaya babu.

"Yallabai, nawa mai kyau ne, daga tanka na saya. Ya ƙare. Inna Turai ta tsufa, wa ya sani ko a jarkar fetur ta juye?"

Babu hujjar kama shi. Sufeto ya ɗauki kwalbar ya nufi Kano.

A ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a ya sami Dakta Ramla, mai binciken sinadaran man fetur.

"Na'urar a cike take, sai Litinin," in ji ta.

"Dakta, don Allah. Kafin Litinin zan kawo miki sunayen wasu gawarwakin."

Ta dube shi, ta karɓi kwalbar. Ta zuƙi ɗigo ɗaya da allura ta tsira a bakin na'urar.

"Zafi zai mai da shi tururi, iskar gas ta tura shi cikin wani siririn bututu mai tsawon gaske. Marasa nauyi su ke fara fita, masu nauyi su biyo baya. Kowanne ya fito, zai zana tsini a kwamfuta."

Cikin minti biyar tsinaye suka cunkushe a farkon layin.

"Fetur ne wannan. Ko a zafin ɗaki yana tashi, shi ya sa risho ke fashewa." Ta ƙara wa na'urar zafi, suka jira. Can ƙarshe wani tudu ya taso. "Wannan kuma baƙin mai ne. Kaɗan, kamar an auna shi. Na babur mai hayaƙi ne, ko na injin jirgin ruwa."

Sufeto ya miƙe. Masu irin wannan babur sun ƙare a yankin. Amma a Tiga, masunta har yanzu sai sun gauraya fetur da baƙin mai kafin su zuba wa injin kwalekwale.

Da la'asar ya isa bakin dam ɗin Tiga, shi da wani kofur. Wani dattijo mai ɗinkin koma ya nuna masa da haɓa.

"Ukasha? Jirage biyu gare shi, injinansu sun mutu tun bayan sallah. Ga rumfarsa can."

A cikin rumfar suka same shi yana ɗaure jarkoki a bayan a-kori-kura. Goma sha ɗaya.

"Na jirgi ne, yallabai."

"Jirgin da babu inji?" Sufeto ya ɗiga man a kan dutse, ya ja baya, ya jefa ashana. Wuta ta yi fuu kafin ashanar ta taɓa ƙasa.

Ukasha ya durƙusa.

"Wallahi ban yi nufin kisa ba. Fetur ɗin jirgi ne ya rage min, duro guda, babu mai saye don an riga an gauraya. Duk masunci ya san baƙin mai yana kwantar da zafin fetur. Na ɗauka zafinsa ya mutu, sai na juye a kananzir."

"Inji yake sanyayawa, ba wuta ba. Jarka nawa ka haɗa?"

"Ashirin."

"Turai?"

"Biyu."

"Sauran bakwai fa?"

Ukasha ya sunkuyar da kai. "Sun tafi Doguwa da hantsi. Rugage ake kai wa."

Kofur ya buga masa ankwa, ya ja shi mota. Sufeto ya riga ya kira ofishin Doguwa.

"Ku bi masallatai da lasifika yanzu, ku tura babura rugage. Kada kowa ya kunna risho ko fitila."

"Yallabai, rugagen nan sun fi arba'in, wasu babu hanya."

Sufeto ya dubi rana. Ta fara ja.

"To ku fara da na kusa," ya ce, ya tada mota.