Marmara a Sama, Rijiya a Ƙasa

Ana gab da magariba, Umma tana tsaye tana ɗauraye tukunya a sabon sinkinta, dutsen farko ya faɗo kan kwanon rufi. Ta kashe famfo. Gidan ya yi tsit. Sai daga cikin ramin sinkin ta ji kamar jariri yana shessheƙa.

Shekara ashirin da biyu ta yi tana wanke-wanke a tsugune, har gwiwoyinta suka gaji da ita. Da aka tashi gyaran kicin, abin da ta roƙa kaɗan ne: kantar siminti mai tayil, sinkin ƙarfe mai zurfi, da bututun da zai kai ruwa har kwata. Maigida ya dawo da marmara.

"Baƙi su shigo su ga tayil? Banɗaki ne?"

Marmarar ta cinye kuɗin. Mai famfo ya auna, ya ce bututun da aka sayo ba zai kai kwata ba. Maigida ya nuna masa tsohuwar rijiyar da ta ƙafe a bayan kicin. "Juya shi nan. Wa ke ciki?"

Kwana tara ana jifa duk magariba. A na goma Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta faɗi a gindin kanta, idanunta suka juye.

Malamin da aka kira ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe, da muryar tsohuwa.

"Tafasasshen ruwa da maiƙo a kan 'ya'yana. Ƙaramin ya saɓule."

"Ba su san kuna ciki ba," in ji Malam. "Yarinyar ba ta yi miki komai ba. Fita."

"A toshe, in fita. Ɗigo ɗaya ya sake sauka, tawa ce."

"Ba su mako guda su ja bututu zuwa kwata."

Dariyar da ta fito daga bakin Auta ta sa Umma dafe bango. "Malam, tambayi mai marmara. Yana da na bututu?"

Maigida ya sunkuyar da kai. Umma ta dubi 'yarta, ta dubi famfon da bai yi mako biyu ba.

"A toshe," ta ce.

Auta ta yi atishawa, ta nemi ruwan sha. Washegari mai famfo ya cika ramin sinkin da siminti.

"Wata mai zuwa za a ja bututun," in ji maigida. Damina biyu ke nan.

Har yau baƙi sukan shafa marmarar su ce, "Kai, Umma, kin huta!" Takan yi murmushi. In sun tafi, sai ta kwashi kwanuka a baho, ta wuce ta gaban sinkin, ta fita tsakar gida, nesa da rijiya, ta dafa gwiwa, ta tsuguna.